Ɗan Aiken da Na Cire wa Wa'adi

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar wata Litinin, muna zaune a tsakar gidana da ke unguwar Briqueterie, wadda mu mazauna cikinta muke ce wa Birik. Mu huɗu ne: ni, da maiɗakina, da 'yata ta fari, da ƙanena wanda ya taso daga unguwar Ekudu ba tare da an kira shi ba. Na miƙe ƙafar hagu a kan kujera 'yar tsugunno saboda gwiwa. Zan faɗi abin da ya biyo baya bi da bi, yadda ya faru, domin ba na son mai ba da labari ya fara daga tsakiya sannan ya dawo yana laluben farko.

Sana'ata tsire, abin da mutanen Yawunde ke kira soya. Ina saurayi na baro Kano, na yi wa wani aiki, daga baya na kafa tukubata a bakin titi, kuma har yau tana inda na kafa ta. Aikin tsire yana da tsari. Ana zaɓen nama, a yanka, a tsire, a barbaɗa ƙuli da yaji, a kafa a gefen wuta. Duk waɗannan ana iya sa wani ya yi, ban da na farko. Wanda ya zaɓi nama shi ne mai tukuba. Saura ma'aikata ne, ko da sunansu ne a jikin allo.

Saboda haka kullum bayan sallar asuba nake hawa moto, wato babur ɗin haya, in tafi mayankar Etudi da kaina. To, a safiyar Litinin ɗin nan likita ya lallatsa gwiwar, ya ce ta gama hawa moto, ta gama tsayuwa a kan jiƙaƙƙen siminti. Dalilin zaman ke nan.

Ƙanena ya gyara hula ya ce, "Yaya, ai abin bai kai a yi taro ba. Ni zan riƙa zuwa Etudi. Kai ka huta, ka riƙa ba da umarni daga kujera."

Ƙanena mutumin kirki ne, yana salla a kan lokaci. Amma duk abin da aka miƙa masa karɓa yake yi yana godiya. In mahauci ya ba shi jijiya ya ce tsoka ce, zai ce madalla. Kuma na daɗe da sanin abin da ke ransa game da tukubata. Yana so a rataya mata fitilu masu walƙiya, a riƙa tsaga burodi ana cusa tsire a ciki, a zuba mayonez a kai. Na taɓa jin ya faɗi haka da bakinsa a wajen wani suna, bai san ina bayansa ba.

Na ce, "Ban mutu ba."

Maiɗakina ta ce, "Ba wanda ya ce ka mutu, Alhaji. Gwiwarka aka ce."

Sai 'yata ta nemi izinin magana. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Ta yi karatun kwamfuta, tana aiki a wani ofis a cikin gari inda suke rubuta manhaja. Ta ce, "Baba, mahaucinka ya riga ya sa na'urar karɓar saƙo. Babban ɗansa ne ya haɗa masa, saboda masu gidajen abinci ta nan suke yi masa oda. Zan rubuta maka ƙaramar manhaja a wayarka. Ta aika buƙata, ta karɓo amsa tare da hoton naman. In ka amince, ɗan moto ya kawo. Kana zaune, amma kai ka zaɓa."

Dole in bayyana mahaucin nan. Bazazzagi ne, ni kuwa Bakano, kuma kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da su. Tun gashinmu yana baƙi nake sayen nama a wurinsa, bai taɓa kirana da wani suna ba sai bawana, ni ma haka nake kiransa. Farashi ba ma maganarsa, ya daɗe a zaune. Rigimarmu a kan wace cinya ce zan ɗauka. Ba a samunsa a waya, domin hannunsa kullum cikin jini yake, kuma hayaniyar mayanka ta cinye masa kunne ɗaya.

Maiɗakina ce ta yanke hukunci. Ta ce, "A gwada na yarinya daga yau zuwa Juma'a. In aka sauko daga masallacin Juma'a tukuba ba nama, ranar Asabar ƙaninka ne zai je Etudi, kuma ba na son in sake jin magana." Juma'a ita ce babbar ranarmu. Kowa ya amince. Ƙanena ya amince da sauri fiye da yadda ya kamata.

Bayan magariba Uwata ta buɗe kwamfutarta a kan tabarma, na zauna kusa da ita domin ba na barin a yi mini aiki ban gani ba. Ta rubuta layi kaɗan ta ce ta gama. Na ce ba a gama aikin kirki da wuri haka.

Ta ce, "Baba, ba ni na rubuta duka ba. Akwai abin da muke kira laburare. Ɗan aike ne da wasu suka riga suka horar. Ya san yadda ake buga ƙofar wata na'ura, ya isar da buƙata, ya tsaya ya jira, ya karanto amsa, ya gane ko an ce to ko an ce babu ko an ce a dawo anjima. Ni dai na gaya masa ƙofar da zai je da abin da zai ce."

Na ce, "Ɗan gidan wa ne?"

"Mutane da yawa ne suka rubuta shi, a ƙasashe daban-daban. Sun bar shi kyauta, kowa ya ɗauka."

"Kin san su?"

"A'a."

"Kin san iyayensu?"

"Baba."

Ban ji daɗin wannan ba. Tun da na kafa tukuba ban taɓa sayen dakakken yaji ba. Ina sayo citta da masoro da barkono a kasuwar Mokolo, a daka a gabana, saboda in san abin da ke ciki. Na gaya mata haka. Ta ce, "To wuƙarka fa, kai ka ƙera ta?" Na ce ban ƙera ba, amma na san maƙerin, na je jana'izar mahaifinsa. Ta ce ɗan aiken nan yana yi wa mutane masu ɗimbin yawa aiki a kowace rana, kuma duk kuskuren da ya taɓa yi wa wani an gyara shi don kada ya sake yi wa na gaba. Na ce na karɓe shi a matsayin gwaji, kamar yadda ake karɓar sabon yaron shago, ana kallonsa ta gefen ido.

Talata da asuba na dawo daga masallaci na danna inda ta nuna mini. Kafin in ajiye carbi amsa ta dawo. Uwata ta leƙa ta ce, "Quatre cent quatre." Su da lamba suke magana, kuma da Faransanci suke faɗin lambar. Ta ce ma'anarsa babu. Ɗan aiken ya je, an ce masa babu nama, ya juyo ya gaya mana. Ta ba ni haƙuri ta tafi ofis.

Na zauna ina jira, domin na san ba a nan maganar ta tsaya ba. Hantsi ya yi, ba abin da ya sake motsi. Sai na gane cewa shashashan ɗan aiken nan ya yarda da babun da aka ce masa.

Bazazzagin nan bai taɓa ce wa kowa akwai a tambayar farko ba. Ko shanu goma ne rataye a bayansa, in ka ce akwai cinya zai ce babu. Babu ɗinsa sallama ce kawai, buɗe hira ce. Daga baya muka ji cewa shi ya tilasta wa ɗansa ya sa na'urar ta riƙa yin haka, wai wanda bai tambaya sau biyu ba ba da gaske yake ba. Masu gidajen abinci sun gano, suna dannawa sau biyu. Mu ne ba a gaya mana ba.

Ran nan ban hura wuta ba. Da la'asar ƙanena ya biyo ta gaban tukuba, wai hanya ce ta kawo shi, alhali Ekudu ba ta nan ake zuwa ba. Ya dubi toka ya ce, "Yaya, azumin nafila tukuba take yi?"



Da Uwata ta dawo na ce ta buɗe kwamfuta. Na ce ɗan aikenta yana da gaskiya amma ba shi da tarbiyya, kuma yau zan ba shi. Ta ce in so nake ya riƙa dawowa yana tambayata abin da zai ce a kowane mataki, za ta sa. Na ce a'a. Yatsuna sun yi kauri a kan gilashin waya, kuma ɗan aiken kirki ba ya dawowa gida bayan kowace kalma. A koya masa duka, ya je ya yi, ya kawo mini hoton cinyar da aka sallama. Na zayyana mata tsarin kamar yadda nake yi da bakina.

Da farko zai yi sallama. Sannan ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi shanu. Bayan haka ya tambaya ko har yanzu Zazzagawa suna cin tuwo da allura. Sai ya nemi cinya. In aka ce babu, ya ce to a kwana lafiya, ya yi shiru kaɗan kamar ya tafi, sannan ya dawo ya sake tambaya. In aka nuna masa cinya, ya ƙi ta. Ya ce wannan saniyar ta ga zamanin Jamusawa. In aka nuna wata, ya ce wannan ba saniya ba ce, keken hawa aka feɗe. Haka zai yi ta yi har sai mahauci ya ce ɗauki, na sallama.

Tana rubutawa tana danne dariya. Na ce ba wasa nake yi ba. Can sai ta tsaya ta ce, "Baba, akwai wani abu. Laburaren yana da wa'adi. In ya sake tambaya har ya kai iyakar da aka sa masa, ko lokacin da aka ba shi ya cika, zai tsaya ya dawo gida da abin da ya samu."

"Ko da babba yana cikin magana?"

"Ko da wa ke magana."

Na ce a cire. Ɗan aiken gidana ba ya juya wa dattijo baya yana tsakiyar zance, ko da dattijon Bazazzagi ne. Ta ce, "Waɗanda suka rubuta shi ba don ado suka sa wa'adin ba. Sun ga abin da ya sa." Na ce su ba su san Etudi ba, ni na sani. Ta dube ni, ta dubi uwarta, uwarta ta ɗaga kafaɗa. Ta ce to, ta cire.

Laraba ta yi kyau, Alhamis ma haka. Na'urar Bazazzagi babu ɗaya kawai ta iya da hotuna kaɗan, da ɗan aikena ya matsa mata sai ta rasa abin faɗi ta sallama. Cinyoyin da suka zo ba laifi. Ban ce sun kai waɗanda nake ɗaukowa da hannuna ba, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Ƙanena bai biyo ta gaban tukuba ba a kwanakin nan, hanyar Ekudu ta koma inda take.

Alhamis da yamma saƙon murya ya shigo. Bazazzagi ne, yana ihu kamar yadda masu kunne ɗaya suke yi. Ɗansa ya karanta masa duk abin da ɗan aikena ya faɗa. Ya ce, "Bawana! Ashe har ƙarfe ka koya wa rashin kunya? Keken hawa? Saniyata ce keken hawa? To ka jira gobe. Na zaunar da yaron nan tun azahar, na koya wa tawa na'urar duk abin da na sani. Kuma na ce kada ta kuskura ta sallama wa Bakano." Yana faɗa yana dariya har da tari. Ni ma na yi murmushi. Ban ga matsala ba, domin na san tarbiyyar da na bayar.

Juma'a da asuba na danna, na ajiye wayar a kan faranti, na shiga shan kunu. Wayar ta yi ƙugi. Ta sake yi. Daga nan ba ta ƙara tsayawa ba. Tana ƙugi tana tafiya a kan farantin kamar ƙwaro, har ta kai baki, maiɗakina ta tare ta da ludayi. Ta ɗauka ta fara karanta mana da ƙarfi, domin ta fi ni ido.

"Naka ya ce saniyar ta ga zamanin Jamusawa. Nasa ya ce Kanawa ba su san nama ba, fata suka sani. Naka ya ce to a kwana lafiya. Nasa ya ce a gai da Dala. Naka ya dawo. Nasa ya ce ai na san za ka dawo, yunwa ba ta da zuciya. Ya nuna wata cinya. Naka ya ce keke ne. Nasa ya ce to ka hau ka koma garinku."

Na ce, "Madalla. Haka ake yi."

Ta ci gaba. Da suka kai ƙarshen abin da aka koya musu sai suka koma farko, suka sake yin sallama, suka tambayi iyali, suka tambayi shanu. Rana ta fito. Masu shagunan shadda na layinmu suka buɗe, na ji kekunan ɗinki sun fara. Maiɗakina ta gaji da karatu ta ajiye wayar a cikin kwano ta rufe da faifai, kwanon ya ci gaba da ƙugi. Uwata ta kira ofis ta ce za ta makara. Ta zauna kawai ta naɗe hannu, kuma da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Da hantsi ƙanena ya shigo. Yana sanye da takalmin roba mai tsawo irin na mayanka, sabo, ko takardar jikinsa bai cire ba. Yana riƙe da babbar roba. Ya ce ya sayo ne kawai don ya ga ko zai yi masa daidai. Ya ji kwano yana ƙugi ya ce, "Yaya, me kuka rufe a nan, kaza?"

Maiɗakina ta ce, "Yayanka ne da abokinsa suke ciniki."

A nan ne na ji abin ya taɓa ni. Na dubi takalmin nan, na ga fitilu masu walƙiya a kan tukubata, na ga mayonez yana gangarowa a kan tsinke. Na ce, "Uwata, me ya hana su gamawa?"

Ta ce, "Ka ce naka kada ya dawo sai an sallama. Shi ya ce nasa kada ya sallama. Su ba sa gajiya, ba sa jin yunwa, ba su da gwiwa. Za su iya kaiwa Babbar Salla a haka." Sannan ta ce, "Baba, in kun haɗu ku biyu, wa yake sallamawa?"

Na ce, "Shi mana."

Ta kira ɗan Bazazzagi, ya kara wa ubansa waya a kunnen da ke ji. Can ma abin ya dame su, domin na'urarsu ta shagala da ni, masu gidajen abinci suna ta kira. Ta gaishe shi da ladabi ta yi masa tambayar. Muka ji ya daka tsawa, "Ni? In sallama wa Bakano? Tunda nake ban taɓa ba! Shi ne kullum yake gajiya!"

Na karɓe wayar na ce ƙarya yake yi. Ya ce ni ne maƙaryaci, bawan banza. Muka fara, kuma da Uwata ba ta zare wayar daga hannuna ba da mun zama mu huɗu masu cinikin.

Ta ce, "Baba, kai ba ka tsallake abu. Faɗa mini safiya ɗaya a Etudi, daga saukarka a moto har hawanka. Kada ka bar komai."

Wannan aiki ne da na iya. Na ce ina sauka in sallami ɗan moto. In wanke hannu a famfo. In je rumfarsa in yi sallama. Mu gaisa. In zagi Zariya, ya zagi Kano. In nemi cinya, ya ce babu. In juya, in dawo. Ya nuna, in ƙi. Sai ƙafa ta gaji mu koma kan bencin mami makala, wato matar da ke tuyar fanke da wake a gefen rumfarsa. Mu ci gaba daga nan, yana aika a ɗauko wata cinyar ina ƙi. Sai mutanenta su taru ba wurin zama, sai ta buga matsami a bakin kasko ta ce, "Les pères, libérez mon banc," wato iyaye, ku tashi mini daga benci. Sai mu tashi. Sai in sunkuya in ɗauki cinyar da ke cikin roba a ƙarƙashin teburinsa, ya ce ɓarawo, in ce bawa, in hau moto.

Na gama. Kwano ya ci gaba da ƙugi.

Uwata ta ce, "To a ina ya ce na sallama?"

Na sake bin tsarin a zuciyata daga farko, a hankali. Babu wurin. Tun muna samari har muka yi furfura ba wanda ya taɓa sallama wa wani. Matar nan ce take korarmu.

Uwata ta ce, "Ita ce wa'adin, Baba. Ita ka sa na cire."

Maiɗakina, wadda ba a tambaye ta ba, ta ce, "Ita kuma cinyar da ke ƙarƙashin tebur, wa yake ajiye ta a nan tun kafin ka zo?"

Wannan magana ce ta daban kuma ban amince da inda ta dosa ba. Ni nake sunkuyawa, ni nake ɗauka, kuma da ban ga ta yi mini ba da ban ɗauka ba. In Bazazzagi yana ware mafi kyau ya ɓoye a inda hannuna zai kai, wannan tsoron idona ne ya sa shi. Na faɗi haka a lokacin, kuma har yau ban canza ba.

Amma lokacin masallaci yana matsowa. Na ce, "Uwata, a mayar da mami."

Ta buɗe kwamfuta. Layi ɗaya ta gyara. Ta yi magana da ɗan Bazazzagi da Faransanci, shi ma ya gyara nasa. Suka shirya cewa in wa'adi ya cika, nawa zai ce an kore mu daga benci, na ɗauki ta ƙarƙashin tebur, nasa kuma ya ce ɓarawo, ya turo hotonta. Ta haka ba wanda ya sallama. Na nemi a tabbatar mini da wannan sau biyu, na ji shi ma yana neman a tabbatar masa.

Kwano ya yi ƙugi na ƙarshe ya yi shiru. Maiɗakina ta ɗaga faifai. Ga hoton cinya, ja mai duhu, kitsenta fari ba rawaya ba, irin wadda ban gani ba tun da gwiwa ta zaunar da ni. Na daɗe ina dubawa, domin a san ana dubawa. Sannan na ce a kawo.

Ɗan moto ya iso muna shirin alwala. Nama bai yanku ba, lokaci ya ƙure. Na dubi ƙanena na ce, "Tunda ka sa takalmin aiki, ɗauko wuƙa." Ya ɗauko. Ni ina yanka a zaune, shi yana tsirewa, maiɗakina tana barbaɗa ƙuli, Uwata tana hura wuta da kayan ofis a jikinta. Muka bar Uwata ta kafa tsinkaye, muka tafi masallaci ina dogara sanda, shi yana ƙwas-ƙwas da takalmin roba. Da aka sauko, hayaƙi ya riga mu isa bakin titi.

Ranar Asabar ba wanda ya je Etudi. Maiɗakina ta ce magana ta ƙare. Na ba ƙanena izinin ajiye teburin burodi a gefe, taku kaɗan daga tukuba, da sharaɗin mayonez ba zai tsallako ba. Takalmin yana sa shi in ana ruwa. Na aika wa mami makala ƙunshin tsire da bayanin abin da ta yi mana. Ɗan moto ya ce ta karɓi tsiren, bayanin kuma ta ce tsofaffin nan dama ta san ba su da lafiya.

Yanzu kowace asuba na'urorin biyu suna gaisawa, su zagi garuruwan juna, su yi ta ja har wa'adi ya kore su. Ina karantawa ina shan kunu. Wani lokaci in sa a ƙara sabon zagi, washegari in tarar shi ma ya ƙara.

Abu ɗaya ne ya rage bai shiga tsari ba. Na tambayi Uwata wane ne, a cikin mutanen da suka rubuta laburaren nan, ya fara tunanin sa masa wa'adi. Ta duba ta ce ba za a iya sani ba, suna da yawa, wasu ma ba da sunansu na gaskiya suke aiki ba. Ni kuwa na tabbata mutumin nan ya taɓa zama a kan bencin wani yana gardama har aka kore shi. Yana aiki a tukubata kowace safiya, ban san fuskarsa ba, ban san iyayensa ba, bai taɓa cin tsirena ba. Ba a yi mini haka. Wanda ya yi mini aiki yana ci.

Saboda haka, kai mai karatu, in ka san ɗaya daga cikinsu, ko ka san wanda ya san shi, ka isar mini da saƙo. Ka ce ya zo Birik bayan la'asar, ya nemi tukubar tsoho mai sanda, wadda ba ta da fitilu. Ya yi sallama, ya wanke hannu, ya zauna. Kuma ka ja masa kunne tun daga gida: kada ya karɓi tsinken farko da zan miƙa masa.